Rufin da Zaki Ya Yi wa Majami'a

A Dajin Gwangwala komai yana da wurinsa. Zaki yana mulki, kuraye suna gadin tafki, ƙananan dabbobi kuma suna haƙuri. Ranar Lahadi kowa ya hallara a majami'ar da ke gindin kuka, inda Rabaran Zakka, wani hankaka mai farin wuya da zaƙin murya, yake tuna musu cewa a gaban Ubangiji duk ɗaya suke. Litinin kowa ya koma matsayinsa.

A shekarar da fari ya tsananta, fada ta ba da doka cewa babu mai shan ruwa sai manya sun ƙoshi. Wani ɗan barewa mai suna Filibus ƙishi ya hana shi jira. Kurayen suka ce ya karya doka, suka hukunta shi nan take, ba su bar ko kofato ba.

Uwarsa, Mama Rifkatu, ita ce shugabar zumuntar mata. Ta tafi zaman dattawan ikilisiya, ta durƙusa.

"Rabaran, ɗana ba zai dawo ba, na sani. Amma jibi Zaki zai zo sujadar godiya. Ka faɗa masa a gaban jama'a ya buɗe tafki, ya ja wa kurayensa kunne."

Dattijo Habila, kunkurun da ya ga zamanin zakoki da dama, ya miƙo wuya. "'Yan'uwa, Littafi ya ce a girmama masu mulki. Ni tun ina yaro nake shan ruwa a tafkin nan, kura ba ta taɓa cina ba."

"Baba, kai kana da ƙoƙo a baya," in ji Rifkatu.

Hawainiya, sakatariyar majalisa, ta ce ta goyi bayan Mama, ta kuma goyi bayan Baba.

Rabaran ya gyara fiffike. "Mama, hawayenki namu ne. Sai dai majami'a gidan addu'a ce, ba dandalin siyasa ba. Kuma Mai Martaba ya yi alkawarin yi mana sabon rufi. Wa zai cusa wa baƙo magana mai ɗaci a ranar da ya zo da alheri?"

Aka kafa kwamitin ta'aziyya, aka rufe da addu'a.

Ranar Lahadi Zaki ya zauna a kujerar gaba, kuraye a bayansa. Shi ya yi karatun farko, ya kuma yi shi da kyau. Da aka zo lokacin roƙon addu'a, Rifkatu ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, ɗana Filibus ruwa ya je sha. Waccan kurar ta biyu daga hagunka ita ta fara kama shi."

Rabaran ya ɗaga wa mawaƙa fiffike, kwaɗi suka ɓarke da waƙar yabo, suka maimaita ta har sai da Rifkatu ta fita.

Kafin mako ya zagayo an gama rufin, da ciyawa mai kyau wadda ko ɗigo ba ya ratsawa, ko da yake ba a yi ruwa ba balle a gwada. Amma ranar buɗewa mata ba su zo ba. Rifkatu ta ja su bakin tafki, da bareyi da zomaye da zabi, suka yi sujadarsu a rana, 'ya'yansu a tsakiya. Da suka ce amin sai suka sunkuya gaba ɗaya suka sha. Kurayen ba su saba ganin abinci ya zo da yawa haka yana kallonsu ido cikin ido ba, suka tsaya suna jiran umarni. Lahadi ta gaba maza suka bi matansu. Kwaɗi ma suka tuna asalinsu 'yan ruwa ne.

Rabaran ya yi wa'azi a kan haƙuri, masu sauraro Zaki da kunkuru da hawainiya. Zaki ya waiwaya ya dubi kujeru.

"Rabaran, ina garkenka?"

"Ranka ya daɗe, suna cikin addu'armu."

"Ni don garke na yi rufi. Makiyayi shi kaɗai, inuwar reshe ta ishe shi."

Kafin rana ta faɗi kuraye sun yaye ciyawar sun mayar fada.

Lahadi da safe Rabaran Zakka ya sauka a bakin tafki, ya raɓe can baya. Rifkatu ta hango shi ta kan jama'a.

"Sannu da zuwa, Rabaran. Ka makara, amma akwai wuri."

"Na gode, Mama. Ina zan tsaya?"

"Inda ka saba, a gaba," in ji ta, ta nuna masa wani ɗan fili da ke tsakanin yara da kurayen.