Minti Ashirin da Goron Auren Yaya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren Yaya Nasiru ba. Ko na so in manta ma, mutanen unguwar Morrisania, inda masallacinmu yake, ba za su bar ni ba.

Bari in faro daga keken. Tsoho ne, komai nasa ƙara yake yi ban da ƙararrawa, kuma shi nake hawa kullum daga gidanmu a unguwar Highbridge zuwa makaranta. Da na cika shekara goma sha shida, Yaya Nasiru ya sayo mini wani ɗan agogo da ake maƙala wa keke, mai nuna matsakaicin gudun da mutum ya yi a tafiya. Baba ne ya saita shi. Ya sa tabarau, ya buɗe takardar bayani, ya kore ni daga falo wai na tsaya masa a ka. Bayan awa guda ya miƙo mini yana cewa ya gama komai.

Makon farko agogon ya nuna sha bakwai. Daga nan na haukace. Na kwance kariyar ɗora kaya ta baya, na cire marfin tayoyi (duk ranar da aka yi ruwa sai in isa aji da layin taɓo tun daga ƙugu har ƙeya). Na riƙa ɗura wa tayoyi iska har suka koma kamar dutse. Littafin kimiyya na daina ɗauka saboda nauyi, na kuwa faɗi jarrabawar. Na haddace lokacin kowace danja a hanya fiye da yadda na haddace karatun Islamiyya. Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: da safe gangara ce, ina barin agogon a kunne, da yamma, da zarar na iso gindin tudun unguwarmu, sai in kashe shi in tura keken. Cikin wata uku na kai ashirin da huɗu. Mil ashirin da huɗu a awa! Har mai shagon kan kwana, wanda bai tambaye ni ba, sai da ya ji.

To, ranar aure. Dangin amarya 'yan Zangon Kumasi ne, kakanta ma fataucin goro ya yi, saboda haka Baba ya sa aka ware masa farin goro mai kyau a wani shago a Harlem, don kada a raina mu. An idar da Azahar, masallaci ya cika, sai aka gano babu goro. Baba ya ɗauka Yaya ya karɓo, Yaya ya ɗauka Baba ya karɓo. Rabin mutanen kuwa direbobin tasi ne, sun bar motoci a bakin titi, kowa yana son ya tari jiragen yamma a filin jirgin JFK.

Kawu Sani, ƙanen Mama, ya zaro makullin tasinsa. Ya ce mil huɗu ne zuwa, huɗu dawowa, da cunkoson gada sai a ba shi minti arba'in. Ni kuwa kaina ya riga ya gama lissafi: mil takwas, a gudun ashirin da huɗu. Na miƙe a gaban manya, cikin sabuwar shaddata, na ce, “Baba, ni minti ashirin.”

Kawu ya ce in zauna, ba wasan yara ake ba. Amma Baba ya dube ni, ya juya wajen surukai ya ce, “Ku ɗan yi mana haƙuri kaɗan. Yaron nan iska ne a kan keke.” Tun da aka haife ni ban taɓa jin ya yabe ni a gaban mutane ba. Da wannan yabon na fita, ƙirjina ya fi ƙofar masallacin faɗi.

Minti ashirin suka cika ina kan gada, ko shagon ban hango ba. Na duba agogon, yana nuna ashirin da uku abinsa, ko kunya babu. Na isa shagon numfashi na neman ƙare mini, Hajiya mai goro ta ce sai na gaishe ta tukuna. Ta tambayi Mama, ta tambayi ƙafar Baba, ta yayyafa wa goron ruwa, ta naɗe shi a ganye a hankali kamar tana yi wa jariri wanka. Dawowa kuma hawa ne, ga jaka a baya, ga shi babu kariyar da zan ɗora ta (ni na kwance ta, don in ƙara gudu). Sarƙa ta cafke bakin rigata ta yi mata ado da baƙin mai. Wata tsohuwa mai turin keken cefane ma na tabbata ta wuce ni.

Awa ɗaya da minti goma. Lokacin da na fita, takalma sun toshe ƙofar masallaci har sai da na tsallaka. Da na dawo, ƙafa bakwai suka rage. An jira, an gaji, liman ya ɗaura aure aka shafa fatiha da alewa kawai, kowa ya kama gabansa.

Baba yana zaune da baffan amarya, Alhaji Inusa, wanda ya daɗe yana aikin kai saƙo da keke a Manhattan. Na ajiye goron ina rantsuwa agogona bai taɓa yi mini ƙarya ba. Alhaji ya fito, ya sunkuya, ya danna wani maɓalli, ya nuna mini wasu ƙananan haruffa a gefen lambar. Ya ce, “Ɗana, ai wannan kilomita yake ƙirgawa. A mil, sha biyar kake yi. In ma kana yi.”

Na juya na kalli Baba. Baba yana kallon fanka.

A gida ya ce da Mama matsalar yaran ƙasar nan cika baki, ga shi na zubar masa da mutunci gaban surukai. Na ce, “Baba, ai kai ka sai…” Mama ta take mini ƙafa da duk nauyinta. Daga baya, a kicin, ta raɗa mini cewa shi kilomita ya sani tun Kano, ko nisan wurin aikinsa da ita yake faɗa, in rufa masa asiri. Na rufa. Har yau bai sake kirana iska ba.

Goron ya yi wata uku a firijinmu yana kallona duk lokacin da na je shan ruwa. Sunana kuwa ya ɓace. Ko Anti Rabi, amaryar, in za ta aike ni sai ta ce, “Minti Ashirin, yau ma awa guda ne?”

Na mayar da kariyar, na saita agogon da hannuna, na daina kashe shi a gindin tudu. Sha ɗaya yake nunawa. Abin da na koya shi ne, kafin ka miƙe gaban surukai da lamba a bakinka, ka karanta ƙananan haruffan da ke gefenta. In kuma ka gano wanda ya saita maka ita mahaifinka ne, to laifin naka ne, ka janye ƙafarka daga kusa da Mama.