Ranar da Jujin Lalla Mbarka Ya Yi Daraja

"Lafiya lau muka yini, in ban da hanci," in ji Lalla Mbarka, ba ta ko ɗago kai daga tiren da take tsince na'ana'a ba. "Shigo mana, ka tsaya a ƙofa kamar an dasa ka."

Jawad ya shigo rungume da dunƙulen sukari naɗe a shuɗiyar takarda. A garin Safi ba a ɗauko wannan sai da dalili: neman aure, ko ta'aziyya, ko roƙon da ya fi ƙarfin baki. Kwana uku ke nan unguwar kakar tasa, wadda ke bayan kamfanin gwangwanin kifin sardin, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Mutum biyu ne kacal suka san dalili: shi, da injiniyar da ke shugabantarsa a wurin aiki.

Tsohuwa ta kalli sukarin, ta kalli mai sukarin.

"Banza ba ta kai zomo kasuwa. In aurena ka zo nema, koma da kayanka. Na binne wanda ya fi ka gemu."

"Ni in aure ki? In kai ki ina, gidan tarihi? Mutuwa aka yi, Lalla."

"Wa ya mutu?"

"Ba su ƙirguwa."

"Jirgin ruwa ne ya kife?"

"'Ya'yana ne. Na wurin aiki."

Ta ajiye tiren. "Au, ƙwarin nan da kake kiwo? Kowa jikansa na kiwon tumaki, ni nawa na kiwon abin da ko shi bai taɓa gani ba."

Aikin Jawad dai ba mai wuya ba ne, shi ya sa ma aka ba shi. Ruwan da kamfani ke wanke kifi da shi sai an tace shi a rufaffun tankuna kafin a sake shi. Iskar da ke tashi daga tankunan nan kuwa tana iya kayar da jaki. To, fanka ce ke zuƙo ta, ta tura ta ƙarƙashin wani ƙaton kwami cike da ɓawon itace mai danshi. A jikin ɓawon akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su kuwa wari ne tuwonsu. Iska ta shiga ta ƙasa da ɗoyi, ta fito ta sama kamar ƙasar da aka yi wa yayyafi. Na Jawad shi ne ya kunna musu ruwa safe da yamma, ya bar su su ci abincinsu. Shi ke nan fa.

"Me ya kashe su?" ta tambaya. "Ganin fuskarka kullum?"

"Tarbiyyarki ce ta kashe su."

"Tawa?"

"Taki. An ce masu sayen kifi za su zo daga Turai, kowa ya kama goge-goge. Na leƙa kwamina, na ga itacen ya yi baƙi, yana yauƙi. Sai na ji muryarki a kunnena: duk abin da ya yi yauƙi, bilic ne maganinsa, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Na juye jarka uku a tankin yayyafi."

Kafaɗun Lalla Mbarka suka fara rawa, tana danne dariya.

"Wato yauƙin nan su ne ma'aikatan?"

"Su ne."

"Ka yi musu wankan gawa da ransu."

"Ki yi dariya. Ke da kika taɓa wanke kankana da bilic."

"Na wanke, an sha, babu wanda ya mutu. Shekara talatin da ɗaya ina yanke kan kifi a kamfanin nan, ban taɓa kashe abin da ba a ce in kashe ba. Kai garin gyaran gira ka tsone idon unguwa guda. Jiya Zuhur maƙwabciyata ta shanya zanen gado a saman soro, ta kwashe shi yana warin bayan gida."

"Zanen Zuhur da ma can..."

"Rufe min baki. Shekara arba'in muna cin kuskus da taga a rufe. Uwarka a cikin warin nan ta girma, in ta je makaranta a matsa mata a benci. Shekara biyu kacal muka samu muna shan iska irin ta mutane, sai ga ka da jarka."

Wannan ta shige shi. Ya sunkuyar da kai yana murza takardar sukari.

"Madam Ilham, injiniyarmu, ta ce nan da kwana goma jami'an muhalli za su zo, mutanen unguwa sun kai ƙara. An wanke itacen, amma babu mai rai a ciki. In suka zo suka tarar da wari, ni zan riga warin fita."

"To sai ka zo in yi maka kuka?"

"Ta ce in an samu tsohon taki, wanda ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa, a cakuɗa da itacen, sabbi za su hayayyafa. Na dillalai ɗanye ne, bana aka tara shi. Sai na tuna..." Ya karkata kai wajen bayan gida.

Can gindin bango tulin yake, lulluɓe da tsofaffin buhuna: kashin tumaki, ganyen shayi, ɓawon dankali, tarin shekara shida. Da shi take ciyar da na'ana'arta, wadda har daga wata unguwa ake aiko a roƙa.

"Ka tuna me? Faɗi sunansa. Sunan da ka raɗa masa ranar Sallah, a gaban baƙi."

"Na manta."

"Ni ban manta ba. Kabarin Fir'auna. Ka ce in na mutu shi za a raba muku gado, kai ka yafe rabonka."

"Yaro ne ni a lokacin."

"Watanni huɗu da suka wuce."

"Mutum na girma da sauri a kamfani."

"Ɗan hakin da ka raina. Buhu nawa?"

"Ashirin."

"Ashirin? Ka ce dai duka. Na'ana'ata kuma ta ci me, takardar shaidarka ta makaranta? Au, na manta, ba ka ƙarasa ba."

"Zan riƙa sayo miki a kasuwa."

"Ta kasuwa ciyawa ce. Ka taɓa ganin na ba baƙo shayin ciyawa?"

"Kin ba ni."

"Kai ba baƙo ba ne, jarrabawa ce."

Jawad ya miƙe, ya ɗauki sukarinsa a hankali, yadda za ta gani. "Shi ke nan. In an kore ni, nan zan dawo da zama. Safe, rana, dare. Kin san cikina."

"Ajiye sukarin nan kafin in karya maka hannu."

Ta tashi tana dafa gwiwa, ta shiga ɗakin ajiya, ta fito da shebur ta jefa masa a ƙafa. Ya ɗauka da sauri kafin ta canja ra'ayi, ya yaye buhunan, ya fara kwasa daga sama.

"Me kake yi haka?"

"Ina ɗiba."

"Busasshen? Wanda rana ta gasa? Kai da za a aike ka ɗebo ruwa a teku, da yashi za ka dawo." Ta ture shi, ta tura hannu can cikin tulin har gwiwar hannu, ta damƙo baƙar ƙasa mai ɗumi, ta kai masa hanci. "Shaƙa. Mai rai a ciki yake. Kuma ka jiƙa buhunan kafin ka ɗora a amalanke, kada su mutu a hanya. Wannan ma injiniyar ba ta gaya maka ba?"

Ya shaƙa. Babu wari ko kaɗan.

"Ta gaya mini," in ji shi. "Da Faransanci."

Dariya ta ƙwace mata har sai da ta dafa bango.

"Kwashe duka, ja'iri, zan sha shayin ciyawa bana. Amma ka faɗa wa masu kamfani: in suka sake barin ka kusa da jarka, ni da kaina zan zo in cusa ka a kwamin nan, ka shanye warin da bakinka."