Rasuwar Tif ɗin Baya na Keken Jagora

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da cinyoyi masu cike da tsami, iyalan Jagora, tsohon kafinta kuma shugaban masu hawan keke na ranar Asabar, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tif ɗin tayar baya na kekensa. Marigayin ya cika da hantsi, a gindin babban tudun nan mai tsakuwa, a hannun mai shi, a gaban jama'a. Wannan na ƙarshen shi ya fi komai ciwo, kuma za a zo kansa.

Marigayi ya zo duniya baƙi wul, sumul, a naɗe cikin kwali, yana ƙanshin sabuwar roba. Tun ranar da aka cusa shi cikin taya bai sake ganin haske ba sai in ciwo ya fito da shi. Bai taɓa ganin hanyoyin da ya bi ba, amma ya san su da jikinsa. Ya san burjin da ya ratsa gonaki ya wuce tsohuwar rijiya. Ya san gargadar da ke sa haƙoran mutum su gaisa da juna, da busasshen rafin da yashinsa ke riƙe taya kamar mai roƙon a kwana, da filin ƙayar da ko akuya sai ta zaɓi inda za ta taka. Duk ya bi su bai taɓa ƙorafi ba, alhali shi ke ɗauke da ɓangaren da ya fi nauyi. Wanda duk ya taɓa bin bayan Jagora a hanya ya san marigayi ya sha aiki.

Sai dai ba a kan wannan ake kukansa ba. Ana kukansa ne saboda rufin asiri.

Tun Jagora na da ƙarfinsa, lokacin da yake haye tudu yana fito, ya kafa wa ƙungiyar doka da bakinsa. Ba a tsayawa a hanya sai don faci. Wanda duk ya ce ya gaji, to ya koma sahun baya, wani makon kuma ya zauna gida ya taya mata tsintar wake. An yi dariya, an tafa, doka ta zauna. Shi kuwa bawan Allah bai yi tunanin shekaru na biye da shi a nasu keken ba. A hankali gwiwa ta fara magana, numfashi ya fara gajarta, tudun ma kamar ana ƙara masa ƙasa duk mako. Ga Dogo mai aski, wanda ƙafarsa kamar an haɗa ta da inji, kullum yana manne da tayarsa yana leƙen gaba. Jagora ya san ranar da ya furta kalmar gajiya, ranar zai sauka daga gaba, kuma ya san in ya zauna gida Asabar ɗaya, ya zauna ke nan. Ba shi da wani abin da yake jira duk mako in ba wannan fitar ba.

A nan ne marigayi ya nuna halinsa na kirki. Da zarar an iso gindin tudun, daidai inda bishiya ɗaya tilo take da inuwa a duk wannan fili, sai Jagora ya sauke ƙafa, ya sunkuya kamar mai duba kaca. Can sai a ji muryar marigayi, siririya, mai ladabi: tsssss. Sai Jagora ya miƙe, ya riƙe ƙugu, ya dubi sama, ya ce, "Kai, wannan tif zai kashe ni! Ku yi haƙuri, jama'a, ba yin kaina ba ne." Shi ke nan sai a sauka, a jingine kekuna, a miƙe ƙafa, a sha ruwa. Marigayi bai taɓa sacewa a gangara ba, bai taɓa sacewa a rana ba. Iyalai na sane da cewa wasu masu dogon baki sun ce sun sha ganin yatsun Jagora a kan bawul, bakin da ake ba marigayi iska. Iyalai na roƙon a bar wannan magana, yanzu lokacin makoki ne.

Dole a ambaci likitansa, Mai Faci, aminin Jagora tun suna samari, wanda ke biye da ƙungiyar da jakar kayan aiki a kariya. Shi ne zai zaro marigayi, ya ba shi iska, ya kara shi a kunne, ya shafa masa yawu, ya juya shi, ya sake juyawa, har sai ya ga ƙirjin Jagora ya daina hawa da sauka. Sannan ya ɗora yatsa a wani wuri ya ce, "Ga ta nan. 'Yar mitsitsiya ce, sai mai ido." Ya kankare, ya shafa sholisho, ya hura, ya jira ya sha iska, ya manna. In ya lura mutumin nasa bai gama dawowa hayyacinsa ba, sai ya gano wata hudar a ɗaya gefen. Da haka marigayi ya tara faci, tun ana ƙirgawa har aka bari. Akwai ja, akwai baƙi, akwai wanda aka yanko daga tsohon takalmi, faci a kan faci, har ya zamana in an hura shi a waje sai ya yi ƙulu-ƙulu kamar macijin da ya haɗiye ƙwai.

Jinyarsa ta ƙarshe ba a jiki ta kama shi ba, a wuya ta kama shi. Gindin bawul ya daɗe yana shan murɗa, ya saki, ya fara tsagewa. Mai Faci ya ja Jagora gefe ya ce masa, "Malam, ka sassauta hannu, wuyan nan saura ƙiris." Jagora ya ce to. Amma ranar Asabar ɗin rana ta fito da wuri, Dogo kuma ya karya da abin da ba a sani ba, yana ta tsula gudu. Ko da aka iso bishiyar, idon Jagora har ya fara ganin tudun biyu. Ya sunkuya cikin gaggawa, ya kama, ya murɗa. Maimakon tsssss ɗin da aka saba, sai marigayi ya ce fuf! Sau ɗaya, bai ƙara ba.

Jagora ya miƙe da bawul a tsakanin yatsunsa, yana walƙiya a rana, kowa na kallo. Ya buɗe baki zai ce tif ɗin nan zai kashe shi, ya ga wannan karon maganar ba za ta hau ba. Mai Faci ya cire hula. Ranar da ƙafa Jagora ya turo keken har gida.

An kai gawar rumfar Mai Faci don a wanke ta a bahon da ake gwada huda. Dogo ya zo taimako, shi ya riƙe ta. Waɗanda ke wurin sun ce ya sa farce ya ɗaga gefen wani faci, ya leƙa, ya ga robar ƙasa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ya ɗaga na biyu, haka. Ya ɗaga na uku. Sai ya mayar da su ya danne da babban yatsa, ya ce, "Allah sarki, ya sha jinya."

Marigayi ya rasu ya bar mai ɗakinsa, tayar baya, wadda yanzu ke kwance a tsakar gida ta yi laushi, ba ta ko iya tsayuwa. Ya bar ƙaninsa, tif ɗin gaba, wanda tare aka sayo su amma har yau faci ɗaya gare shi, don bai taɓa ɗaukar nauyin kowa ba. Ya bar famfo, wanda ya sha ba shi numfashi, da rabin gwangwanin sholisho da bai san inda zai sa kansa ba. Ya kuma bar Jagora, wanda tun ranar ko abinci sai an matsa masa.

Kamar wannan bai isa ba, sai babbar 'yar Jagora, cikin tausayi da rashin sani, ta aiko masa da sabuwar taya irin ta zamani, wadda ba a sa mata tif. Wai wani ruwa ne a ciki, ko ƙaya ta shiga sai ya toshe hudar da kansa, ana cikin tafiya. Ta bugo waya da murnarta ta ce, "Baba, ka huta! Daga yau ba za ka sake tsayawa a hanya ba." Jagora ya ce Allah Ya yi albarka, ya ajiye wayar, ya daɗe yana kallon bango. Washegari ya fara cewa wataƙila lokaci ya yi da zai bar wa yara hanya.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Za a yanka gawar tsaye-tsaye kamar yadda aka saba yi wa magabatansa. Dogon zare ɗaya zai koma kariya don ɗaure katako, ɗaya zai tafi kicin ya ɗaure bakin famfon da ke ɗiga, ragowar kuma jikoki sun riga sun yi layi da 'yan sandunansu na harbin tsuntsu. Bawul kaɗai za a binne, a gindin bishiyar nan, ranar Asabar mai zuwa da hantsi.

Haka kuma ƙungiya ta zauna, ba tare da Jagora ba, ta amince da shawarar da Dogo ya kawo. Daga yanzu duk Asabar, in an iso gindin tudun, dole kowa ya sauka ya ziyarci kabarin marigayi. Wannan ziyara ce, saboda haka tsohuwar doka ba ta shafe ta ba. Za a zauna a inuwa har sai Jagora ya gama kukansa, kuma an haramta tambayar ko hawaye ne ko gumi, ko me ya sa kukan nasa ke kama da haki. Wanda alhini ya fi ƙarfinsa yana iya kwanciya.

Za a taru a ƙofar gidan mamacin da sassafe. Masu zuwa su taho da ruwan shansu. Jagora ne zai shige gaba, kamar kullum.