Layin Dogo a Ƙarƙashin Tukunya

Ba zan taɓa mantawa da bikin Saratu ba, kuma ko na yi niyyar mantawa akwai waɗanda suka ɗauki nauyin tuna mini, tun daga Zariya har Legas. Saratu ɗiyar ƙanen babana ce. Ita aka aurar, amma zancena aka yi ta yi.

Bari in fara da ciwona: ina son jirgin ƙasa. Kar ku tambaye ni dalili, ni ma ban sani ba. A lokacin ko shigarsa ban taɓa yi ba. Layin da ya ratsa yankinmu daga Funtuwa zuwa Gusau, tunda na yi wayo ban ga komai a kansa ba sai awaki da ciyawa. Amma tun muna sakandare a Faskari, in aka buɗe shafin da ke da hoton jirgi, to ni darasi ya ƙare. Da na gama makaranta na samu waya, sai na faɗa wani guruf na masoya jirgin ƙasa, na ga ashe ba ni kaɗai ce mai wannan lalurar ba.

Ku zo ku ga mutane! Wani ya turo bidiyon kan jirgi yana shiga tasha, a wuni ana sa masa albarka. Wani ya turo kukan jirgi kawai, babu hoto, a ce a canki irinsa. Akwai Malam Iliya, dattijon tela a Zariya wanda shagonsa ke kallon tasha, shi ba ya rubutu sai saƙon murya, kuma in ya fara sai data ta yi kuka. Akwai Nasiru na Kano, wanda Allah ya halitta don tsokana. Sai shugabarmu Hajiya Rabi, malamar makaranta a Kaduna, mace mai haƙurin da ni ko rabinsa ban samu ba.

Hajiya Rabi ce ta shirya cewa bayan Sallah 'yan guruf za su haɗu a Kaduna a hau jirgi tare. Da na faɗa wa Baba sai ya ce in sake lale, da wannan hanyar tamu ba inda za ni. Ita ta kira shi da kanta, ta yi ta lallashi, ta ce a gidanta zan sauka, a hannunta zan dawo. Da ƙyar ya amince, kuma ya ce saboda ita ne kawai. To kun ji abin da ke gabana: hawan jirgi na farko a rayuwata, kuma igiyarsa tana ɗaure da zamana a guruf ɗin nan.

Sai bakina ya shigo ciki.

Wata rana aka turo hoton mota shaƙe da ƙarafan layin dogo da aka yanka za a kai wa 'yan gwangwan. Raina ya ɓaci, kuma har yau ina ganin ya cancanci ɓaci. Ta ina jirgi zai dawo mana in ana sayar da hanyarsa a kan sikeli? Nan take na zauna na rubuta doka (ni, wadda ko monita ba a taɓa ba ni ba): duk ɗan guruf ɗin da aka samu ƙarfen dogo a gidansu, ko guntu ne, a cire shi, ba bincike, ba roƙo.

Malam Iliya ya turo murya. "Yarinya, ki sassauta. Gidaje da yawa akwai tsofaffin guntaye tun na iyaye, ba duka ne na sata ba."

Na ce, "Malam, ƙarfe ba ya tafiya da ƙafarsa. Duk gidan da ya kwana, ɗaukarsa aka yi."

Hajiya Rabi ta ce ko a ƙara tunani? Na ce tunanin me kuma, tunani ne ya kai mu inda muke. Na yi ta zuba har mutane suka gaji suka ɗaga hannu. Doka ta zauna. Na yi kwanaki ina tafiya kamar wadda ta gina tasha.

Ranar biki muka tafi gidan kakarmu a Daudawa, Hajiya Babba. Kun san yadda biki ya koma a wajenmu yanzu: komai da rana ake yi, a ci, a ɗauki amarya, baƙi su kama hanya kafin la'asar ta yi sanyi. Saboda haka tun da hantsi an haƙa dogon rami a tsakar gida, an jera manyan tukwane a kai, dafa-duka tana ta tafasa. Ni kuwa na ci anko, leshi ruwan goro, ɗauri ya zauna, lalle ya kama, fuska ta sha hoda. Na ce ai bai kamata 'yan guruf su rasa wannan ba. Na ɗauki bidiyo ina juyi a gaban tukwane, na tura, na rubuta: "Ku zo Daudawa cin shinkafa."

Sa albarka ta fara shigowa. Ina murmushi ina amsawa. Sai ga Nasiru ya turo hoto. Ya tsayar da bidiyona, ya zagaye wani wuri da jan layi. Ba fuskata ya zagaye ba, ba leshina ba. Ƙarƙashin tukwane ya zagaye.

Ya rubuta: "Ranki ya daɗe mai doka, wannan murhun naku zuwa Gusau yake ko Zariya?"

Na juya a hankali na dubi murhu. Jama'a, dogayen ƙarafa biyu ne aka shimfiɗa a kan ramin, tukwane na zaune a kansu. Na san su. Tun ina rarrafe nake ganinsu jingine a bayan rumbu, duk suna da biki a fito da su. Mu "ƙarfen biki" muke ce musu. Ni da nake iya gane kan jirgi daga kukansa, ban taɓa duban waɗannan da idon jirgi ba. Layin dogo ne, sak, har da kumburin saman nan da tayar jirgi ke bi.

Kafin in haɗiye yawu, Nasiru ya nemo dokata ya sake turo ta, kalma ba ta ɓace ba. "Ba bincike, ba roƙo." Sitika ta fara sauka kamar ruwan Agusta. Ni kuwa Kaduna kawai nake gani tana nisa. In aka cire ni, da wane baki zan ce wa Baba har yanzu tafiya tana nan?

Malam Iliya, wanda na yi wa rashin kunya, shi ya fara neman mini hanya. Ya ce kafin a yanke hukunci in duba gefen ƙarfen, akan samu rubutu a jiki, shi zai nuna ko na da ne ko na yanzu. Hajiya Rabi ta ce haka ne, in bari a sauke tukwane ƙarfe ya huce, sai in ɗauko hoto.

A sauke tukwane? Ƙarfe ya huce? Ni in zauna ina jira ana yi mini sitika? Na danna kiran bidiyo na guruf, na jingine wayar a jikin turmi yadda kowa zai gani da idonsa, na ɗauko soson ƙarfe da buta. Matan da ke girki sun ɗan koma inuwa suna yankan kabeji, ba wanda ya lura. Na tattare leshi na durƙusa a bakin wuta. Gefen ƙarfen ya yi baƙi ƙirin, ba a ganin komai. Sai na karkata buta na kwara masa ruwa.

(Eh, na yi kimiyya a makaranta. Na ma ci. Ku ƙyale ni.)

Wani "fuuu!" ya tashi, tururi da toka suka yi sama suka dawo a kaina. Na ja baya a firgice, buta ta suɓuce, sauran ruwan ya tafi cikin wutar da ke ƙarƙashin babbar tukunya, wadda aka ware wa dangin ango. Wuta ta mutu murus. Ni kuwa ina zaune daɓas a ƙasa, ɗauri ya koma kunne ɗaya, ina tari, na sa hannu na share ido, na ƙarasa shafe fuskar da baƙin tukunya.

Daidai nan guɗa ta tashi a ƙofar gida. Dangin ango ne suka iso daga Ƙanƙara, gwaggon ango a gaba, mace mai jiki da mayafi mai walƙiya. Guɗar ta tsinke a tsakiya. Suka tsaya suna kallona, ina kallonsu, soson ƙarfe a hannuna.

Hajiya Babba ta fito daga ɗaki tana dogara sanda. Ta dubi tukunya, ta dubi wuta, ta dube ni.

"Ke! Mi kika yi ma wutag ga?"

Na ce, "Hajiya, rubutu nake dubawa."

"Rubutu? Cikin murhu?"

Gwaggon ango ta matso kusa da ita ta rage murya, irin ragewar da kowa ke ji. "Hajiya, ɗiyar nan lafiyarta lau kuwa?"

Kakata ko gezau. Ta ce, "Lahiyatta lau. Jirgi take nema ƙarƙashin tukunya."

Gida ya ɗauka. Mata na riƙe ciki, wata har da zama a kan tabarmar kabeji. Amarya da kanta ta leƙo ta taga da lulluɓinta. Kuma a cikin dariyar sai na ji wata tana fitowa daga jikin turmi, siririya, ta mutane da yawa. Na manta da waya. Tun daga kwara ruwa har maganar Hajiya, 'yan guruf suna kallo. Nasiru har tari yake.

Hajiya Babba ta nuna wayar da sanda. "Su wa ke nan ciki?"

Na ce mutanen jirgi ne. Ta ce in miƙo. Ta riƙe ta nesa da fuska kamar madubi, Hajiya Rabi ta gaishe ta da ladabi, ta yi mata bayanin doka da wadda ta kafa ta. Kakata ta juyo ta yi mini wani kallo da ya fi tokar zafi.

Sannan ta ce musu, "To ku ji. Ƙarhen ga nan na iske shi randa aka kawo ni gidan ga, uwar mijina na girki bisa shi. Wanda ya kawo shi ya daɗe a ƙasa, ban iya tado shi ya ba ku amsa. Amma ran da jirginku ya dawo, ya yi kuka na ji da kunnena, ni da kaina zan sa a ɗauka a kai mai kayanshi. Kahin nan ba zaman banza yake ba, shinkahwa yake ɗauka. Yanzu ku ba ni aron mai dokarku, wuta za ta hura."

Haka aka yi. Da leshina, da baƙar fuskata, na durƙusa ina fifita da faifai, ina tura kara, hayaƙi na sa ni hawaye, gwaggon ango na zaune a kujera tana duba rana tana duba ni. Kowa ya san in shinkafar nan ta makara, ko baƙi su tafi da yunwa ko su yi yamma a hanya, kuma duka biyun a wuyana. Ban taɓa roƙon Allah a kan tukunya ba sai ranar. Ta nuna a kan kari. Ta ɗan kama a ƙasa, amma an ci, an ɗauki Saratu da sauran rana. Gwaggon ango da za ta fita ta dafa kafaɗata ta ce, "In kin samu jirgin, ki ajiye mana wurin zama."

Washegari da ƙarfe ya huce (kamar yadda aka ce mini tun farko) na wanke gefensa a natse. Rubutu kuwa ya fito, haruffa da lambobi, shekarar da ke jiki ta girmi Hajiya Babba. Na tura ina jiran hukunci. Wa ya ga hukunci? Gardama ta ɓarke a kan irin ƙarfen, da inda aka ƙera shi, da lokacin da aka canza irinsa a layinmu. Malam Iliya ya turo muryar da ta cinye mini data. An manta da ni gaba ɗaya, sai da na yi ƙarfin hali na tambaya, "To ni fa?"

Hajiya Rabi ta ce, "Ke kika kafa doka, ke za ki faɗa mana."

Na goge na sake rubutawa ya fi a ƙirga, ƙarshe na ce a yi haƙuri, a bar dokar a kan masu yankan layi yau, tsofaffin guntaye kuma a ɗauki hotonsu a san inda suke. Na ba Malam Iliya haƙuri daban. Ya ce ba komai, shi ma a shekaruna ya fi haka zafi.

Abin mamaki, sai hotuna suka fara fitowa. Wani ya turo ƙararrawar makarantarsu ta firamare, guntun layi ne rataye a bishiya. Wata ta turo wanda aka ɗora a kan kwatar ƙofar gidansu. Har Nasiru, bayan ya sha matsa, ya turo dokin ƙofar shagon babansa. Ashe shiru kowa ya yi ranar da nake zuba. Yanzu duk Juma'a ranar ƙarafan gida ce a guruf, kuma namu ne kan gaba wajen tsufa.

Na je Kaduna. Hajiya Babba ta ba ni dambun nama ta ce in kai wa mutanen cikin waya. Da jirgin ya yi kuka ya motsa, na riƙe hannun Hajiya Rabi kamar ƙaramar yarinya, idona ya cika, ban ko ji kunya ba. Nasiru ya leƙo daga kujerar baya ya ce, "Hajiyar Murhu, an ɓoye butoci, ki kwantar da hankalinki." Sunan da ya bi ni ke nan har yau.

Na koma na nuna wa kakata bidiyon da na ɗauka, ta saurari kukan jirgin ta ce a sake sa mata. Sannan ta ce na waya ba ya cikin alkawari, sai ta ji shi daga bakin rumbunta. Ni ma shi nake jira.

Ban daina zafi ba, kar in yi muku ƙarya. Amma yanzu in doka ta taso mini, nakan ajiye waya in zagaya bayan rumbu tukuna. Kuma in babba ya ce in bari abu ya huce, ina bari.