Jiniyar Hajiya

Ko me zan manta a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da yinin bikin ƙanwar Binta a Faskari ba. Ni ce manajar wani kamfanin iri da taki a Ƙanƙara, muna da rassa a Faskari da Sabuwa. Binta ke riƙe da na Faskari, kuma duk cikin ma'aikatana babu kamarta. Ana gab da damina ta ce mini za ta ajiye aiki, wai ta gaji. Hankalina ya tashi, don in ta tafi reshen ya mutu.

Ana cikin haka aka tura ni bita Katsina kan rage wa ma'aikata damuwa. Abu ɗaya na riƙo: shugaba ya riƙa tuntuɓar mutanensa. Na ce an zo wurin! Na dawo na ɗaura ɗamara. Da safe in kira, "Kin karya?" Da azahar, "Kin huta kuwa?" Da magariba, "Kada ki sa damuwa a ranki." (Tunda an riga an kira, sai in ɗan tambayi buhu nawa ya fita. Laifi ne?) Asabar da Lahadi ma ban fasa ba. Ni a ganina uwa nake.

Ranar bikin na sha leshi, aka ba ni kujera a gaba, ma'aikatana mata na zaune a bayana. Tsakar gida ta cika maƙil, kiɗa na tashi daga lasifika. Na waiga ban ga Binta ba, sai na tuna takin da za a kai garin Ruwan Godiya ranar Litinin. Na zaro waya na kira ta. Ashe da wayarta ake sa kiɗan.

Kiɗa ya ɗauke ɗif. Sai jiniya, irin ta motar asibiti, wiiiu wiiiu, har bango na amsawa. Ka san yankinmu da firgici. Masu rawa suka watse, wata tsohuwa ta saki kwanon alkaki tana salati. Ni kuwa ina zaune da waya a kunne, ina jira a ɗauka.

"Ku tsaya, ba komai!" in ji Ladidi ta reshen Sabuwa, da iya ƙarfinta. "Hajiya ce ke kira!"

Duk ido ya dawo kaina. Na ce, "Ke Ladidi, ya aka yi kika sani?"

Ta sunkuyar da kai. "Ai dukkanmu jiniyar muka sa wa lambarki."

Wayyo ni! Gumi ya wanke mini hoda tas. Binta ta fito da gudu daga madafa, ta durƙusa. "Hajiya ki yi hanƙuri. Wallahi in wayar ta yi ƙara, gabana faɗuwa yake yi. Ko wanka da ita nike shiga."

A hanyar Ƙanƙara na yanke hukunci, kuma ban janye ba: daga la'asar babu kira, Asabar da Lahadi babu, kowa ya riƙe reshensa. Makon farko da kyar na sha, sai da na riƙa ba maigida wayar yana kullewa a mota. Abin mamaki, taki ya ci gaba da fita, ni ma ciwon kan da nake fama da shi ya lafa.

Binta ba ta tafi ba. Ni da na je har Katsina neman maganin gajiyar ma'aikatana, ashe gajiyar ce aka ɗauko a mota aka kai bita.