Rasuwar Mai Taurari Arba'in da Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Kubura ɗiyar Malam Abdurrazak, ta ƙauyenmu na kusa da Tabla, ina sanar da 'yan uwa na gida da na nesa rasuwar abokiyar zamana, Mai Taurari. Ta cika ranar Lahadin da ta wuce, bayan azahar, a kan teburin Isma'ila mai gyaran salula a kasuwar Filinge, bayan jinyar kwana tara. Shekararta biyu da wata biyar a hannuna.

Kada wani ya ɗauka salular ce ta mutu. Salula tana nan da ranta, da ita ma nake rubuta wannan. Marigayiyar ita ce 'yar ƙofar nan da ke cikin salula, wadda ake dannawa a shiga intanet. Isma'ila ya ce sunanta na yanka nabigater. Ni dai Mai Taurari nake ce mata, domin duk shafin da na so, in na danna ɗan tauraron da ke bisa, sai ta ajiye mini shi, gobe in tarar da shi inda na bari. Ranar da ta kwanta ciwo taurari arba'in da ɗaya gare ta.

Ta zo gidanmu ne ta hannun Yaya Zaidu, wana da ke sayar da kayan moto, wato babur, a Yamai. Ya zo sallar layya da sabuwar salula, sai ya aje tsohuwar a bakin tabarmata, ya ce, "Riƙe wagga," ya fita. Wannan ita ce doguwar hirar da muka yi a shekarar. Shi ba mai magana ba ne, ni kuwa kun san halina.

Marigayiya mai haƙuri ce. A aji uku na bar lekol, makarantar boko, kuma har yau ina karanta Faransanci ne kamar mai tsintar tsakuwa cikin wake. A lekol in mushe, wato malaminmu, ya kira ni gaban allo, harshena yakan manne, yara su yi ta dariya. Ita ba ta taɓa yi mini dariya ba. Sai in yi rabin yini a kan layi uku, ba ta ce in yi sauri ba. Ba ta da hayaniya. Muryarta guda ce, wani ɗan "ɗis" da take yi cikin tafin hannu in na dasa sabon tauraro. In babu rezo kuma, layi ya ɗauke, sai ta yi ta juya ɗan zobenta shiru, har in hau tudun bayan rumbuna mu samu.

Ta riƙe mini yadda ake haɗa sabulun ruwa, da zanen lalle iri tara, da ɗinkin wuyan riga. Ba da suna na san su ba, da mazauni na san su: na uku daga sama, na biyu daga ƙasa, kamar yadda makaho ya san ɗakinsa.

An ce a faɗi alherin mamaci, amma ba a ce a yi masa ƙarya ba. Tana da hali guda: takan haifi taurarin da ban dasa ba. Sai in wayi gari in ga shafin ƙwallo, ko na tayoyin moto, zaune tsakanin lallena. Nakan tuge su kamar ƙuduji a gonar hatsi. Bayan kwana biyu su sake tsirowa. Akwai wani shafin ƙwallo da na tuge har sau bakwai. Na ɗauka halinta ne, kamar akuyar da ke cin zane, ka yi haƙuri da ita saboda nononta.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa wannan rashi ya fi ƙarfina. Yana cikin tauraro na goma sha bakwai.

Mutanen gida sun san abin da ke samuna, ko da yake ba a kiran sunansa. Cewa ake yi, "abin Kubura ya tashi." Shekara uku ke nan ina faɗuwa ba sallama, in farka da harshe a cije, mutane tsaye a kaina. Kwanona daban ne. An hana ni zuwa rijiya. Bara na faɗi gefen murhu, tabon yana nan a hannuna na hagu. Baba ya yi mini rubutu na sha. Kaka Tanne, mahaifiyar Inna, wadda a bayanta na girma, ta ce iskokin gidansu ne, waɗanda uwarta ta yi wa hidima, suke neman wadda za su hau, kuma ba za su bar ni ba sai an yi mini girka.

Da aka kai ni likitar Tabla, ɗan asibitinmu, wankin ƙunar, na samu wata ma'aikaciya, Madam Sa'adiyya. Ta tambaye ni yadda aka yi, ni kuwa ƙasa nake kallo. Ba ta matsa mini ba. Ta karɓi salular, ta rubuta wata doguwar kalma ta Faransanci, wani shafi ya buɗe mai hoton kan mutum, ta danna tauraro. Ta ce, "Ƙanwata, wanga ciwo yana da magani. Ki tahi babbar likita ta Filinge. In bakinki ya ƙi, ki miƙa musu wannan kawai." Ba a daɗe ba aka mai da ita Abala.

Shekara guda ina buɗe shafin nan kullum. Ban je ba, ban kuma faɗa wa kowa ba. In ce ina son likita, a kunnena kamar in ce wa Kaka hannunta bai isa ba ne.

Amma daga lokacin marigayiya ta sauya irin haihuwarta. Kwana uku bayan tauraro na goma sha bakwai, ta haifi wani mai hotuna: yadda ake kwantar da wanda ya faɗi a gefensa, kada a sa masa komai a baki. Daga baya ta haifi na koyon karatu, mai murya, harafi bayan harafi. Sai kuma na wata mata mai irin ciwona, tana magana da Hausa, tana da shago da 'ya'ya biyu. Waɗannan ban tuge su ba. Na ce a raina, ashe wannan baiwar Allah ta gane ni. Har na taɓa tunanin ko mutanen Kaka ne suka shiga salular.

Ciwon ajalinta ya fara ne wata Juma'a. Tana cikin sauya kaya, abin da ake ce wa mizajur, sai batir ya ƙare. Da aka yi caji na danna ta, ta buɗe fari fat, ta rufe. Na sake, ta sake. Ba "ɗis", ba zobe. Na kashe salula na kunna. Na fitar da sim na hura na mayar. Na share hotunan bikin mutane don ta samu wurin numfashi. Inna ta ce in tura ta cikin hatsi ta kwana, haka aka yi wa ta maƙwabta da ta faɗa randa. Ta kwana, ta fito da ƙaiƙayi, ba sauƙi.

Ranar Lahadi, kwana na tara da ciwon, Balkisa, ɗiyar baffana, ta raka ni Filinge a motar kasuwa, don ba a barina in yi tafiya ni kaɗai. Isma'ila dattijo ne mai furfura a gemu. Ya duba, ya ce furofil ɗinta ya lalace. Ya ce furofil shi ne rumbun da take tara duk abin da yake nawa, to gara ta shiga. Ya fara yi mata sharar sama-sama, ba ta tashi ba. Sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Sai an wanke ta tas, ɗiyata. Amma ba komi, in dai akwai sankuro. Akwai?"

Balkisa ta dafe ƙirji. "Sanƙarau? Baba, har salula yake kamawa?"

Ya yi dariya har tabarau ya zame. Ni ma sanƙarau na ji. Amma ni, in babba ya tambaye ni abu a gaban mutane, kaina ne ke amsawa, kuma "i" kaɗai ya iya. Na gyaɗa kai. Ina shaida wa jama'a cewa ba gara ce ta kashe Mai Taurari ba, ba kuma Isma'ila ba. Gyaɗa kan nan ne.

Ya danna. Ta buɗe nan take, fes, da sauri kamar ranar da ta zo. Na nemi taurari. Babu ko ɗaya. Kamar ɗakin da aka fitar da gawa aka share.

Ya ce in sa kod ɗina, lambar sirri, komai zai dawo. Na ce ba ni da kod. Ya duba cikin salular ya ce, "Wane na Zaidu?" Balkisa ta ce wana ne. Sai ya aje salular ya yi mana bayani a hankali. Sankuro ba ciwo ba ne. Rumbu ɗaya ne mai ƙofa biyu. Yaya bai fitar da sunansa daga tsohuwar salula ba, don haka ƙofa ɗaya tana hannuna, ɗaya tana hannunsa. Abin da na zuba yana gani. Abin da ya zuba ina gani. Abin da na tuge nan, can ma ya tugu. Yanzu an toshe tawa ƙofar, ba ta buɗuwa sai da kod ɗin mai suna.

Ya ce, "Taurarinki ba su mutu ba. Suna Yamai, cikin aljihun yayanki."

Balkisa ta yi guɗa. Ni kuwa sai da na dafa tebur. Na tuna shafin ƙwallo, sau bakwai ina tugewa, sau bakwai wani bawan Allah yana sake dasawa bai ce uffan ba. Sannan na tuna na goma sha bakwai, da wanda ya biyo bayansa da kwana uku. Yaya ya zo salla sau biyu bayan nan. Na kai masa ruwa, ya karɓa, ya ce sannu. Ashe ya sani.

Balkisa ta ce, "To mi muke jira? Mu kira shi yanzu!" Na girgiza kai, kuma nan ne kaɗai kaina ya faɗi gaskiya ranar. Babbar likita ba ta da nisa da kasuwa. Ban je ba. Me zan miƙa musu?

Marigayiya ta rasu ta bar salula mai tsagaggiyar fuska, da caja wadda aka ɗaure wa wuya da roba, da fitila, da maƙwabcinta Wasap wanda ko ranar rasuwar bai rage surutu ba. Ta bar marayu arba'in da ɗaya a hannun kawunsu a Yamai. Ta bar ni.

Tun ranar nake ƙoƙarin rubuta kalmar Madam Sa'adiyya. Na san da "e" ta fara, sai "p", daga nan hanya ta ɓace mini. Akwai wurin da ake dannawa a yi magana salula ta rubuta. Na je bayan rumbuna, ba kowa sai kaji, na danna, na buɗe baki. Sunan ciwon bai fito ba.

Ga shi an gama yankan hatsi. Kaka ta sayar da akuyarta, ta aika wa mai goge goro, an sa girka Alhamis ta sama. Na san wani zai karanta mata wannan. Balkisa, in ke ce, ki karanta a hankali. Kaka, ban ƙi ki ba. Inda kika ce in zauna zan zauna. Amma ina tsoron murhu, ina tsoron ranar da zan faɗi ba kowa kusa, kuma ina son in ji abin da likita za ta ce kafin Alhamis ɗin. Bakina ya kasa faɗa miki, shi ya sa na ari bakin mamaciya.

Duk wanda marigayiya ta ɓata wa rai ya yafe mata. Mai shafin ƙwallo kuma ya yafe mini, ban san gonar wani nake nomewa ba.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi mai zuwa da hantsi, a rumfar Isma'ila cikin kasuwar Filinge. Shi zai jagoranta. Ya ce zai buɗe mini ƙofa da sunana, mai nata sankuro, in rubuta kod ɗin a takarda in adana kamar laya. Ba a buƙatar kuka, ba a buƙatar taro. Ta'aziyya a bar ta a Wasap, kada a zo gida, ba zan iya fitowa ba.

Daga rumfar za a wuce babbar likita da ƙafa. Masu rakiya biyu sun samu, ni da Balkisa. Saura mutum ɗaya, wanda marayun ke hannunsa. An ce motar Yamai ta safe tana isowa kafin rana ta take. In hanya ba ta ba shi ba, ya ɗauki hoton na goma sha bakwai ya turo, zan yi ƙoƙari. In kuwa ya zo, ba sai ya tambaye ni komai ba, ni ma ba zan tambaye shi ba. Ya buɗe shafin, ya miƙo mini salularsa a ƙofar likita.

"Riƙe wagga" ma ta isa.

Mai sanarwa,
Kubura Abdurrazak