Kujerar Surukar Mabvuto

"Lafiya lau, ɓarauniya. Wa ya ce ki kulle mini ƙofa?"

Haka Mabvuto ya amsa gaisuwar Kangwa, ko zama bai yi ba. Shi ɗan Ngoni ne, ita 'yar Bemba, abokan wasa tun kakanni, ga shi ofis ɗaya ya haɗa su a Lusaka suna rubuta manhajar sayar da tikitin bas. Yau masu motocin za su zo ganin aikinsa, aikin kuwa ya ƙi tashi. Kangwa ta toshe duk hanyar ƙirƙirar tikiti kai tsaye a cikin manhajar, ta bar guda ɗaya da suke kira masana'anta. Mai son tikiti sai ya roƙa a can, a duba kujera tukuna a ba shi.

"Mai cin ɓera ai rami ya sani, ba ƙofa ba," in ji ta, don da cin ɓera Bemba ke tsokanar Ngoni, su kuma su rama da cin biri. "Kowane lungu sai ka haƙa ka fito da tikiti."

"Maciya biri, sata har cikin kwamfuta? Buɗe mini kafin baƙi su iso."

Ta ƙi. Ya shiga cika baki, wai tikitin da ya ƙera da hannunsa direbobi har sara masa suke yi. Ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi ko ya ji labarin tsohuwar da ta tafi garin Chipata, can gabas yankinsu Mabvuto, zaune kan buhun busasshen kifi, don an sayar wa mutum biyu kujerarta. Ya kwashe da dariya, ya ce matan gabas ƙarfe ne.

"Ƙwarai. Daga raminka tikitin ya fito. Sunanta Amai Tembo."

Nan take ya daina dariya. Surukarsa ce, shi ya yanko mata tikitin yana taƙama. Sai yanzu ya gane dalilin da ta daina ɗaukar wayarsa, matarsa kuma ke dire masa tuwo ba magana. Kunya ta rufe shi.

Ya ja kujera, ya mai da aikinsa kaf ta masana'antar, nan take ya tashi sumul. Kangwa ta jira sai da motar baƙi ta tsaya a ƙofa, ta ɗebo garin masara ta baɗe masa kai, kamar yadda al'adarsu ta ba ta dama.

Ya dube ta, kai fari fat, ya turo mata kwanon abincinsa yana dariya.

"Ɗauki, uwar ɗakina. Kaza ce, ki yi haƙuri, biri ya yi tsada."